Akosita, Wadda Ta Hana Baƙon Murya Mabuɗin Marasa Lafiya

Duk mai bin motar safe daga garin Nausori zuwa babban birnin Suva ya san matar nan mai furfura a goshi, wadda take rungume jakarta a ƙirji, ba ta taɓa ajiye ta a kan kujera. Akosita Rokovada ke nan. Kafin masu shara su gama da matakalar ofis ta iso. Sai ta murɗa hannun ƙofa ta ji ko a kulle aka bar ta jiya, sannan ta sa mabuɗi. Ta dafa shayinta na ganyen lemun tsami, ta kwance ƙunshin dafaffen rogo, ta zauna gaban kwamfuta tana bin sawun abin da manhajarmu ta aika da abin da aka amsa mata. In ka gaishe ta za ta amsa, amma idonta na kan allo. In kuwa labari ka kawo mata, ko na kamun kifi ne, tambayarta ɗaya ce: "A bakin wa ka ji?"

Ƙarshen watan nan ta ajiye aiki a ƙungiyarmu mai kula da ƙananan asibitocin tsibirai. Ba a taɓa buga sunanta a jarida ba, kuma galibin waɗanda ta yi wa aiki ba su san kamanninta ba. Shi ya sa ya kamata a faɗa yanzu, tana raye tana ji, ko da yake na san za ta karanta tana neman inda aka yi ƙari.

Manhajar da ake magana tana cikin wayoyin ma'aikatan jinya. Da ita suke tambayar ɗakin gwaji na Suva sakamakon jinin da suka aiko, da ita suke neman magani a rumbu. Kowace tambaya sai ta ratsa intanet ta isa babbar na'urar waɗancan wurare, su kuma ba sa amsa wa kowa sai ya nuna shaidar ko shi wane ne. A da, ma'aikaciyar jinya ce za ta riƙa buga kalmar sirri duk lokacin da ta nemi abu. A tsibirin da sabis ke zuwa yana tafiya kamar igiyar ruwa, kafin ta gama bugawa ya ɗauke. Da kuka ya yi yawa, sai wani da ya riga Akosita a aikin ya dasa kalmar sirri guda ɗaya a cikin manhajar, kowa da kowa ita yake amfani da ita.

Aka samu sauƙi, har ranar da sakamakon gwajin wata matar aure ya fita a wani tsibiri. Kafin ita kanta ta ji, an riga an yi zancen a bakin rafi. Mijinta ya kwashe yara ya koma gidan iyayensa. Wa ya buɗe? Babu hanyar sani, tunda a wurin na'ura duk sunanmu ɗaya. Ma'aikaciyar jinyar wurin ta rantse har da hawaye, amma mata suka daina kawo mata jini. A ofis ma aka shiga kallon kallo, kowa na tuna wanda yake da dangi a tsibirin.

Wannan ne aikin da Akosita ta ɗauka. Ta rubuta wani ɗan sashe a cikin manhajar wanda duk saƙon da zai fita dole ya bi ta cikinsa. Shi ne zai liƙa wa saƙon shaidar mai wayar, tata ita kaɗai, ba tare da ta buga komai ba. Shaidar ba ta daɗewa take mutuwa, sai sashen ya karɓo sabuwa shiru, ya sake tura saƙon. Ta ƙara masa sharaɗi guda wanda babu wanda ya nema: idan adireshin da saƙon zai je ba ya cikin waɗanda ita da kanta ta tabbatar, ba zai liƙa shaidar ba, ko wa ya ce.

Wanda ya zaci an yi mata godiya bai san mutanenmu ba. Sista Unaisi, wadda ta fi kowa daɗewa a asibitocin tsibirin Kadavu, ta bugo waya tun makon farko.

"Ƙanwata, ƙofar da ba ta tambayata sunana, ai ɓarawo ma ba za ta tambaye shi ba."

"Ta san sunanki, Yaya. Ranar da kika buɗe wayar da yatsanki ta sani."

"To in ta san nawa, ke ma kin sani ke nan. Kina zaune a Suva kina kallon jinin wa na tambaya."

"Ina ganin an tambaya. Abin da aka amsa, ba na gani."

"Haka duk masu gani suke cewa," in ji Unaisi, ta kashe wayar.

Zancen ya bazu cewa Akosita na karanta sirrin mutane. A coci wata ƙanwar mijinta ta matsa daga bencin da suka saba zama tare. Taniela, abokin aikinta kuma taubashinta, tunda ƙauyukansu na wasa da juna tun kakanni, ya samu abin yi. Kullum in ya shigo sai ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Ranki ya daɗe, shugabar 'yan leƙen asiri, ni ne Taniela, ga katina. Mutanen garinku ai ko ruwa aka ba su sai sun sansana." Takan ce masa, "Ruwan garinku ne muke sansanawa." Amma abin ya ci mata rai. Ba ta yi wa kowa rantsuwa ba. Ta sa aka ɗauko wani masani daga waje ya bincika aikinta layi-layi, ta ce a aika wa kowane asibiti abin da ya gano, mai daɗi da marar daɗi. Ya gano kuskure ɗaya ƙarami, ta gyara, ta kuma faɗa da bakinta.

Akosita, ke ce kika san zargi ba ya mutuwa da rantsuwa, sai da buɗe ƙofa a shigo a duba. Ke da kike zargin kowa, ba ki ce ke kaɗai ce ba za a zarga ba.

Ba kullum zarginta ke faɗawa daidai ba. Akwai lokacin da rumbun magani ya sauya adireshi da gaske, ta ƙi amincewa har sai da mai kula da wurin, dattijo mai ciwon gwiwa, ya hawo matakalarmu da kansa yana haki. Asibitoci suka yi kwanaki suna neman magani ta rediyo. Daga baya ta ɗauki saiwar yangona, wadda ake dama abin shan al'ada da ita, ta je gidansa, ta zauna a tabarma ta ba da haƙuri yadda al'ada ta tanada. Ya karɓa, ya ce, "Na yafe, 'yata, amma mijinki na da aiki."

Sai damina ta bara, da rana tsaka, ana jiran guguwa. An yi shelar rufe makarantu, masu shaguna na buga katako a tagogi. Tun hantsi ɗakin gwaji ya daina amsa wa manhaja. A Kadavu kuwa Sista Unaisi na tsaye a kan wani manomi mai suna Ilaitia, idonsa ya yi rawaya, fitsari ya ƙi zuwa. Tana zargin cutar nan ta fitsarin ɓera da ake ɗauka a ruwan ambaliya. In ƙodarsa ta fara tsayawa, dole a sa shi a jirgin ruwa na ƙarshe da zai taso kafin a rufe teku. In kuwa ba ita ba ce, ɗora marar lafiya a kan irin wannan igiyar ruwa kasada ce ta banza. Sakamakon jininsa na Suva, kuma ba ya fitowa.

Ana cikin haka wayar Shalendra, shugaban ofis, ta yi ƙara. Wani mutum ne mai murya a natse. Ya kira shi da sunansa, ya ce daga ɗakin gwaji yake, saboda guguwa sun kwashe komai zuwa wata na'ura a ƙasar waje. Ga sabon adireshi ya turo, a mai da manhaja can, nan take sakamako zai fito.

Shalendra ba sakarai ba ne, kuma maganar ta yi kama da gaskiya. Ya zo ya tsaya a kan Akosita.

"Anti, sa adireshin nan. Mutum na mutuwa."

"Wa ya kira?"

"Ya ce sunansa Pita, daga wajensu."

"Na san kowa a wurin. Ban san Pita ba."

"Sabo ne mana! Ke kin san duk wanda aka ɗauka aiki a Suva?"

Ta kira lambar ɗakin gwajin da ta sani, ba ta shiga. Ta sake, shiru. Ta dubi adireshin, sunan ɗakin gwajin ne tsaf, sai dai jelarsa, wato haruffan ƙarshe, ba irin tasu ba ce. Idan ta sa shi, kowace waya a kowane tsibiri za ta miƙa wa mai wannan adireshi shaidarta, shi kuma ya juya ya buɗe sakamakon duk wanda ya taɓa ba mu jininsa. Idan ba ta sa ba, kuma mutumin gaskiya yake faɗa, ita ce ta tsaya tsakanin Ilaitia da jirgi.

Unaisi ta bugo, Shalendra ya buɗe muryar kowa ya ji. "Ku gaya wa Akosita matuƙi ya ce ba zai wuce la'asar ba. In mutumin nan ya mutu, ni zan kawo mata matarsa ta yi mata bayani." Ko Taniela bai yi wasa ba. A hankali ya ce, "Taubashiya, ki tuna dattijon rumbu."

Ta tuna. Ta rufe kwamfutar, ta rungumi jakarta. "Ba ni motarka," ta ce wa Shalendra. "In na yi kuskure, ka kore ni gobe. Yau dai ba zan sa ba." Ya dube ta, ya dubi wayarsa, sannan ya ce, "Ba ki iya tuƙi a ruwa ba. Taso, ni zan kai ki."

Hanya ta cika da ruwa, suka bar motar suka ƙarasa da ƙafa, zanenta ya jiƙe har kugu. Suka tarar da ɗakin gwajin babu wuta, injin janareto ya sha ruwa, ma'aikata biyu na ɗora kwalaye a kan tebur. Babu inda suka koma. Babu kuma wani Pita. Aka lalubo sakamakon Ilaitia a jikin injin gwaji mai batir, aka kira likita ya duba, ya karanta wa Unaisi ta waya: ƙoda ta fara tsayawa, a taso da shi. Jirgin ya tashi da shi ana yayyafi. Yau yana gonarsa.

Wanda ya kira, har yanzu ba a san shi ba. Lambar ta mutu washegari. Yadda ya san sunan Shalendra, da yadda ya san daidai lokacin da ɗakin gwaji ya yi shiru, 'yan sanda sun tambaya, mu ma mun tambayi juna, kuma ba zan ce kallon kallo ya ƙare a tsakaninmu ba. Abin da muka sani shi ne bai samu komai ba. Bayan guguwa kwandon gwaza ya iso ofis daga Kadavu, babu wasiƙa, sai saƙon baki daga Unaisi: "A ba mai taurin kan nan."

Ke ce garkuwar da masu ita ba su san suna riƙe da ita ba. Matar da ta ba da jininta a tsibiri ta koma gida ta yi barci, saurayin da ya je gwaji a ɓoye, tsohon da ba ya so 'ya'yansa su san ciwonsa tukuna, duk ke kika tsare musu mutunci, ana yi miki kallon mai leƙe.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi mata walimar sallama. An shimfiɗa tabarmi, an dama yangona, ga kifi cikin madarar kwakwa, ga gurasar roti daga gidan Shalendra. Kafin a miƙa mata ƙoƙon farko ta ce a dakata. Ta sa Taniela ya buɗe kwamfuta ya soke izininta a gaban kowa. Sannan ta ciro wayarta ta gwada shiga. Manhajar ta ƙi ta. Ta sake gwadawa ta wata hanya da ita kaɗai ta sani, nan ma ta ƙi. Sai ta ajiye wayar, ta yi dariya har ana ganin dasashinta, ta tafa ta karɓi ƙoƙon.

Mun gode, Akosita. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da tsawon rai. Ku kuma da aka damƙa wa sirrin mutane, a asibiti ne ko a makaranta ko a bayan kwamfuta, ku yi koyi da ita: ku jure a ce muku masu taurin kai, ku yarda a bincike ku, kuma ranar da za ku tafi, ku tabbata ƙofar da kuka gina ta iya cewa a'a har ga wanda ya gina ta.