Kakar Suhaib da Innar Sa'id

Sa'id Ɗanmusa haifaffen Madina ne, jikan wani alhaji da ya zo daga Katsina a ƙafa bai koma ba. Tun 1994 yake da ɗan shago kusa da Jami'a, yana buga wa ɗalibai rubuce-rubucensu. Shi ɗan ƙasa ne, takardunsa cif. Amma a gidansa akwai Inna Ƙaltume, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta zo Umara shekara ashirin da suka wuce ta yi zamanta, ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi, sai ta shige bayan buhunan shinkafa ta riƙe numfashi.

A 1999 wani ɗalibi baƙi wuluk ya shigo shagon, sai ka rantse Bahaushe ne. Sa'id ya gaishe shi da Hausa, shi kuwa ya yi dariya ya amsa da Larabci. Sunansa Suhaib Almonte, daga Jamhuriyar Dominika, ƙasar da ta raba tsibiri ɗaya da Haiti. Ƙagaggen labari ya kawo a buga masa.

"Duk labaran da na karanta a kanmu, rawa ne da bakin teku," in ji Suhaib. "Ba wanda ya rubuta irin kakata, baƙar mace mai saran rake, da ta ƙare rayuwarta tana ɓuya kada a ce 'yar Haiti ce a kore ta."

Maganar ta taɓa Sa'id. Suka saba, suna shan shayi tare, har wata rana bakinsa ya suɓuce ya ba shi labarin Inna.

Da babi na huɗu ya zo, Sa'id na cikin bugawa yatsunsa suka tsaya. Kakar cikin labarin ta shige bayan buhunan shinkafa. Tana da tsagen Inna a kunci, tana ɗingishi da ƙafar hagu, an ma kira ta Kaltuma. Sa'id ya rufe shago da rana tsaka, ya je ya tsaya a ƙofar Jami'a har Suhaib ya fito.

"Ɗan'uwa, me na yi maka? Wa ya karanta wannan?"

"Malaminmu na adabi, sai abokai biyu." Suhaib ya sunkuyar da kai. "Kakata ta rasu ba ta gaya mini yadda take ɓuya ba. Shi ne na aro a wurin taka."

"Taka ta rasu. Tawa tana gida tana tsintar wake!"

Washegari Sa'id ya ɗauki Inna a mota, ya ce ta kwanta a kujerar baya, ya kai ta gonar dabinon wani surukinsa a Awali, can gefen gari. Bai gaya mata dalili ba, ita ma ba ta tambaya ba, carbinta kawai take ja. Wata biyu Sa'id bai ci abinci ya ji daɗinsa ba. Duk motar da ta rage gudu a gaban shago sai ya leƙa ya ga ko hukuma ce. In baƙon fuska ya shigo, yakan ce na'urar buga rubutu ta lalace.

Ba wanda ya zo neman Inna. Suhaib ya karɓo kwafi ukun da ya raba ya kawo masa, ya canza sunan, ya goge tsagen. Buhunan shinkafar ne ya ƙi cirewa, ya ce labarin ba zai tsaya ba sai da su. Sa'id ya buga sauran babin, shayin kuwa ba su sake sha ba.

Inna ta dawo gida da azumi, ta yi ƙiba, tana yabon iskar Awali. Suhaib ya koma ƙasarsu a 2002. Da ɗalibai suka fara sayen kwamfutocinsu, Sa'id ya rufe shagon ya kama aiki a filin jirgi, yana tura tsofaffin alhazai a keken marasa lafiya. Inna ta rasu a ɗakinta shekara huɗu bayan haka, ba ta taɓa sanin abin da ya kai ta gonar ba.