Shagon da na ƙirƙira wa Mama

Yayata ta tafi Ingila aikin nas tun mahaifinmu yana da rai, can kuma ta yi aure. A farkon shekarun casa'in, ana gab da bikin Ista, wasiƙarta ta iso ta akwatin gidan waya na cocinmu. Tana da ciki, haihuwar fari, tana so Mama ta je ta yi mata wankan jego, ta zauna wata shida. Ta haɗo da takardar gayyata.

Ni na karanta wa Mama, domin ni ne auta, ni kaɗai na rage a gida, kuma ni ne mai ɗan boko. Aji biyu na yi a sakandare na bari, amma a lokacin gani nake daga ƙauyenmu har Kafanchan babu wanda ya kai ni wayo. Mama ta sa na maimaita wurin maganar cikin sau uku, sannan ta tashi ta taka rawa a tsakar gida da ludayi a hannu.

Fasfo bai ba mu wahala ba. Biza ce abin tsoro. A tashar mota akwai wani direba da ake zuwa wurinsa neman shawara, saboda sau biyu yana zuwa ofishin jakadancin Ingila a Kaduna. Ban tsaya na tuna cewa duka biyun hana shi aka yi ba. Ya ce Turawa ba sa ba manomi biza, sai mai shago. Na yarda nan take, kuma ba don maganarsa kaɗai ba. Kunyar Mama nake ji. Citta take nomawa tun ban zo duniya ba. Tafin hannunta ya yi kaushi, faratanta sun rine, sa hannu kuma sai dai dangwale. Ban so Bature ya gan ta haka ba.

Sai na cika fom, na rubuta cewa tana da shagon atamfa a kasuwar Kafanchan. Ta dangwala ba ta san abin da ke ciki ba. Ana saura kwana uku mu tafi na fara koya mata.

"Mama, in an tambaye ki sana'a, ki ce atamfa kike sayarwa."

"Atamfar wa?"

"Taki. A shagonki."

"Auta, shekara ashirin ina cikin zumuntar mata ta coci, sai in je Kaduna in yi ƙarya? Shagon yana ina, in je in ɗauko ko zani ɗaya?"

Na yi fushi. Na ce in ta ɓata abin, Yaya za ta haihu ba kowa kusa da ita, kuma laifinta ne. Wannan maganar ce na fi jin nauyinta har yau. Mama ta ci gaba da tsince acca. Na ɗauka ta yarda.

A ofishin an bar ni na shiga da ita, na zauna a benci ta baya. Wata Baturiya ce a bayan gilashi, da tafinta Bahaushe mai furfura a gefenta. Mama ta saba kiran mutane daga wannan gona zuwa waccan, don haka duk ɗakin yana jin amsarta. Ta faɗi aikin 'yarta, ta faɗi watan haihuwa, har Baturiyar tana murmushi. Sai tafinta ya ce, "Mama, ana tambaya, wa zai riƙe miki shago in kin tafi?"

"Ba ni da shago, ɗana. Citta nake nomawa."

Baturiyar ta daina murmushi. Ta juya fom ɗin, ta sa yatsa a kan layin, ta yi magana a hankali. Tafinta ya ce ana so a san wanda ya cika takardar. Mama ba ta nuna ni ba. Ba ta ko waiwayo ba. Na san in na ci gaba da zama, za a mayar mata da fasfonta a ce tsohuwa ta yi ƙarya.

Na tashi na matsa gaban gilashin. Turancin da nake taƙama da shi ya gudu, sai da Hausa na yi magana. Na ce ni na rubuta, ita ba ta iya karatu ba, kuma da na gaya mata ta ƙi. Aka tambaye ni dalili. A gaban Mama da mutanen da ke benci na ce na ji kunyar a san manomiya ce.

Tafinta ya dube ni ta saman tabarau kafin ya fassara. "Kuɗin makarantar taka daga ina ya fito?" Wannan tambayar tasa ce, ba ta Baturiyar ba.

Aka turo mini sabon fom ta ƙasan gilashi, na cika a tsaye, na karanta wa Mama layi-layi kafin ta dangwala. Sannan Baturiyar ta tambaye ta me zai sa ta dawo.

"Na riga na shuka citta, na rufe da ganye," in ji Mama. "Ruwa yana ɗaukewa za a tona, a tsaga, a shanya. In na bar wa wannan, wanda ke gina shago a kan takarda, me zan tarar?"

Tafinta ya yi dariya har ya kasa fassarawa, da ya fassara kuma Baturiyar ta rufe baki da hannu. Ta yi 'yan tambayoyi a kan gonar, ta ce mu dawo ƙarfe uku.

Muka zauna a gindin wani mangwaro a waje. Na durƙusa na ce, "Mama, ki gafarta mini." Ta ɓare gyaɗa ta zuba mini a hannu, ta ce in tashi kada in ɓata wando, mutane suna kallo.

Ƙarfe uku aka miƙo fasfo. Na buɗe, ga hatimi, wata shida cif. Mama ta karɓa ta juya shi sama da ƙasa, ta ce in karanta mata abin da aka rubuta, ban da ƙari. Na karanta. Ta cusa shi cikin lalitarta, ta ɗaure zani a kai, ta ja waƙar godiya ta coci a bakin titi. Wata mai sayar da ayaba ta kama amshi ba ta san dalili ba.

Mama ta sauka Ingila saura kwana tara Yaya ta haihu. Mace aka samu, kuma Mama ce ta yi mata wankan farko.