Ranar Da Na Ba Da Tudun Wada

A gidanmu na Tudun Wada, tun Turawa ba su tafi ba, kakata Iya Tabawa ba ta fara tatsuniya sai ta gasa mu da kacici-kacici. Da an ci tuwo za mu kewaye murhu, ni da yayana Sale da 'ya'yan maƙwabta, ita tana binne gyaɗa a toka. In ka kasa amsa, dole ka ba da gari. Su Sale masu wayo sai su ba da Kano ko Ikko. Ni kuwa ban fi turmi tsawo ba, wurare nawa na sani? Sai unguwanni da ƙauyukan kusa da mu: na ba da Hanwa, na ba da Kongo, Dutsen Abba ma ya tafi. Da ta jefo mini "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", na kasa, sai na ce na ba ta Tudun Wada. Aka kwashe da dariya. Iya ta ce ta karɓa, amsar tsintsiya ce, ta gyara zama ta fara tatsuniya.

Wani Dodo ne, in ji ta, mai yawon duniya. In ya je ƙasar Nufe ya yi Nufanci, in ya je Borno ya sa rigarsu ya yi Barbarci, amma wasansa ba ya canzawa. Ya tara jama'a, a buga ganga, ya zaunar da mutum kan turmi ya yi masa tambaya. In ka amsa, ya ba ka saniya. In ka kasa, ka ba da gari, shi kuma ya je ya haɗiye shi, da mutane da awaki da rijiyoyi. Wata yarinya mai kwaɗayin shanu ta yi ta ba da garuruwan mutane har suka ƙare, ta ba da nata. Da ta koma gida sai fili fetal, ko tukunyar uwarta ba ta gani ba.

Nan take na tuna garin da na ba Iya. Innata tana ɗaki tana ba ƙanena nono, ni da bakina na bayar da su. Sale, mugun yaro, ya kasa kunne ya ce ga takun Dodo nan, ya gama da Kongo. Na fashe da kuka, na riƙe zanin Iya ta mayar mini da garina. Ta ce ina, abin da aka ci a kacici-kacici ba a roƙonsa, sai dai in jefa mata wanda za ta kasa.

Ban iya ko ɗaya ba, sai na fito da abin da ke raina. Babana, ɗanta na fari, ya tafi fataucin goro Gwanja tun ƙanena yana ciki, ba saƙo ba labari, kuma an hana mu zancen.

"Iya, yaushe Baba zai dawo?"

Gyaɗa ta ƙone, ba wanda ya cire.

"Na kasa, Ladi," ta ce. "Na ba ki gari. Karɓi Tudun Wada."

Na ruga ɗaki, Iya na bina da ido, na faɗa jikin Innata, murna fal cikina.

Yanzu na tsufa. Jikokina sukan kunna gasar tambayoyi a talabijin, yau ta Turawa, gobe ta Indiyawa, jibi tamu, duk kujera ɗaya, kiɗa ɗaya, mutum zaune yana zufa. Ni kuwa sai in tashi in bar musu falo, su yi ta tsokanata wai Hajiya na tsoron jarrabawa. Can dai mai tambaya ya san amsarsa, zai kuma faɗa. Mu ma haka al'adar take, wanda aka ba gari shi ke faɗin amsa. Sai da na haifi nawa ɗan na gane abin da ya sa Iya ta bi ni da ido har ƙofar ɗaki. Jira take ko Allah zai sa wata magana a bakin yaro. Na karɓi garina ban ba ta komai ba, kuma har ta rasu ba wanda ya ba ta amsar.