Raket ɗin da Kawu Ya Kawo

Har yau idan aka buɗe sabon gwangwanin ƙwallon tanis, warin robar nan ya bugi hancina, sai in ga kaina a Haɗeja ina yarinya, zaune a kan benci bayan makarantar sakandaren da Baba yake koyarwa. Akwai filin tanis a can, na siminti, duk ya tsattsage. Bayan la'asar yakan goya ni a babur mu je, shi da amininsa malamin dabbobi su yi ta bugawa har rana ta yi ja.

Baba ba mai ƙarfin bugu ba ne. Abin da aka san shi da shi, idan ya shafi ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, sai ta tashi tana juyawa, ka rantse waje za ta, sai kawai ta lanƙwaso ta faɗo cikin layi.

Wata damina, da kogi ya cika har ya shanye gonakin shinkafa, igiyar raket ɗin da yake buga ƙwallo da shi ta tsinke, kuma a garinmu babu mai ɗaurawa. Kawu, yayan Mama, da ya dawo daga Kano sai ya kawo masa sabo fil, tsaraba. Tun daga ranar ƙwallon Baba ta daina faɗowa. Ya buga, ta wuce layi. Ya sake, ta wuce. Yakan tsaya yana kallon hannunsa na dama, ya buɗe, ya dunƙule.

Ka san abin da ke ransa? Kakanmu, mahaifinsa, yana kwance a ɗakin kusa da zaure tun kafin a haife ni, ɓarin jikinsa na dama a shanye. An ce da haka ya fara, hannu ya daina yi masa abin da yake so. Ga shi Baba ya kai shekarun da abin ya sami Kaka. Ya daina zuwa fili, abinci ma sai tsakura. Wata rana na ji yana ce wa Mama, "Idan wani abu ya same ni, kada a cire yarinyar nan daga makaranta." Mama ta miƙe. Ta ɗauki mayafi ta nufi wurin matar malamin dabbobi.

Washegari malamin ya zo ya ja Baba zuwa fili, ni ma na bi su. Ya miƙa masa nasa raket ɗin. "Malam, buga da wannan." Baba ya shafi ƙwallo, ta tashi tana juyawa, ta faɗo ciki.

Malamin ya ɗaga raket ɗin biyu sama. "Dubi saƙar nawa, idanunta manya ne. Igiya takan kama ƙwallo, ta goce, ta dawo, ita ke murɗa ta. Naka an cushe saƙar, an kuma ɗaure tamau, igiya ba ta da wurin motsi. Hannunka lafiya lau."

Baba ya zo ya zauna kusa da ni, yana dariya, idonsa na kawo ruwa. Ya ce, "Kyauta ce, shi ya sa ban taɓa zarginsa ba." Duk da haka malamin bai bar shi ba sai da ya kai shi asibiti aka auna jininsa. Ranar Baba ya cinye tuwon shinkafa da miyar kifi, ya nemi ƙari. Aka ba wani direba tsohon raket ɗin ya kai Kano aka ɗaura masa igiya. Na Kawu kuwa aka rataye shi a falo, kuma har Kawu ya bar duniya ba wanda ya gaya masa.

Yanzu an gina azuzuwa a kan filin, yaran unguwa ba su ma san an taɓa tanis a wurin ba. Baba ya tsufa, ya daina wasa tuni. Amma da ƙafarsa yake zuwa masallaci, kuma duk jikan da aka haifa, da hannun nan na dama yake karɓarsa.