Ƙarar Azurfar Inna Rakiya

Ni ɗan maƙerin azurfa ne, haifaffen Zongon Lome. Ban yi nisa a boko ba, yawo kuma bai dame ni ba. In ka neme ni, ina zaure ina hira. Abu ɗaya na gada wurin Baba, kunne. Ka saki ƙarfe a kan siminti, ko ina bayan ƙofa zan faɗa maka azurfa ce ko dalma. Da Baba ya rasu, matan unguwa suka ci gaba da kawo mini awarwaro da zobba in duba musu.

Da kaɗan na fara. In ce wa mace zobenta gauraye ne, in saye shi da araha. Ba wanda ya kama ni, sai na ƙara. Daga nan na shiga zuba na jabu ina musanyawa.

Wata rana da hantsi wata tsohuwa mai sayar da koko, Inna Rakiya, ta zo daga unguwar Agoè a kan zemijan, wato acaɓa. Idonta ya riga ya yi rauni. Ta kwance bakin zane ta miƙo mini wani ƙaton kuɗin azurfa mai nauyi. Gefe ɗaya kan wata mace mai jiki, da lulluɓi. Ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu.

Ta ce, "Ɗana, faɗa mini mene ne wannan. Uwata ce ta ɗauro shi a ƙugu daga Katsina, zamanin fataucin goro. Ba na sayarwa ba ne. So nake in san abin da zan gaya wa 'yata Safiya ranar da zan ba ta."

Na sake shi ƙasa. Wallahi ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba. Nan take na gane shi, dalar Turawa ce ta zamanin da, wadda fatake ke ciniki da ita. Na ce, "Inna, bar shi kwana uku in bincika."

Na zuba irinsa, na sayar da na gaskiyar ga mai narkarwa. Da ta dawo na miƙa mata jabun, ko dubawa ba ta yi ba, sai ta sake shi a siminti. Ƙwas! Ta lalubo ta ƙara saki.

"Ɗana, tun ina yarinya nake jin muryar abin nan. Wannan ba shi ba ne. Da babanka ne..." Ba ta ƙarasa ba.

Safiya ce ta kai ƙara kumisariya, ofishin 'yan sanda. Da labari ya bazu, mata suka yi ta zuwa da zobbansu. Shekara biyu na yi a kurkuku.

Ina fitowa na nufi Agoè neman gafara, na tarar Inna ta rasu. Safiya ta ɗauko jabun nan ta ajiye a gabana. Ta ce, "Inna ta yafe maka. Amma ta ce har yau ba ka faɗa mata mene ne ba."

Na zauna na faɗa wa Safiya duk abin da na sani. Ta saurara, sannan ta ce, "Ni ban taɓa jin ƙararsa ba, Malam. Yaya take?"

Ni mai surutu, sai kawai na ɗauki jabun na sa a aljihu, na yi mata sallama.

Ƙannena, na tuba, jabun kuma yana aljihuna har yau. In aka kawo maka abu don ka fi mai shi sani, amana aka ba ka. Ka faɗi gaskiyar abin da ka gani, ka mayar masa da kayansa tun yana tsaye a gabanka.