Bahon darma da baftismar 'yata

Gari bai gama wayewa ba muka bar Dagenham, unguwarmu a gabashin London, ni da 'yata, kowa fuska a ɗaure. Wata biyu muna ja-in-ja. Ta ce ba za a yi mata baftisma a cocinmu na Barking ba, wai cire takalmi da ɗaura farin zane ƙauyanci ne da muka ɗauko daga Najeriya. Tana nazarin al'adun ibada a jami'a, don haka ta gayyace ni gidan tarihi in ji gaskiya daga bakin malamarsu.

Jirgin ƙasa na District line ya kwashe mu yana tsaye-tsaye kamar motar kasuwa. A tsakiyar London na ga tsadar sanwic, na gode wa Allah da na ƙunso mana ƙosai a jaka.

Malamar, wata Baturiya mai furfura, ta tsayar da ɗalibai gaban wani baho na darma mai alamar Almasihu, tun na zamanin Romawa. Ta ce Kiristocin farko sai sun yi azumi, su tuɓe tsofaffin kaya, a sa su a ruwa sau uku, sannan a ba su fararen tufafi.

Bakina ya riga ni. Daga can baya na ce, "Sai a ba su zuma!"

'Yata ta so ƙasa ta tsage ta shige. Malamar kuwa ta juyo da sauri, ta ce madara da zuma ne, a ina na karanta? Na ce ban karanta ba, sha na yi. Na ba su labarin rafin ƙauyenmu kusa da Kafancan: yadda muka kwana da azumi, muka shiga ruwa ba takalmi, tsofaffin mata suka tarbe mu da waƙa da kunu mai zuma. Sai ga 'yan jami'a suna rubuta maganata. Wallahi kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Na dawo da sanin cewa abin da iyayenmu suka riƙe a ƙauye ya girmi London ɗin da muke jin kunyarta.

A jirgin komawa gida, mun wuce Barking kenan 'yata, wadda kullum da Turanci take amsa mini, ta dafa hannuna.

"Mama, ki ce wa fasto ya sa sunana cikin masu baftisma. Amma ke za ki dama kunun."