Saƙon da Na Riƙe a Kwarin Hanifa

Ana sallame sallar asuba ranar Asabar muka yi haramar barin unguwar Malaz, a nan ƙasar Larabawa inda muke aiki, mu uku, da kekunanmu a bayan a-kori-kurar wani ɗan Sudan da muka yi shata. Shirin shi ne ya sauke mu a madatsar Ilb, arewa da Dir'iyya, mu biyo Kwarin Hanifa a kan keke har tafkin da ke kudancin gari. Masu bibiyata sun san na daɗe ina cika baki a kan wannan tafiya. To an yi ta, sai dai ba irin labarin da na so kawo muku ba ne.

Jagoranmu injiniya ne, mai keken da ba ya son a tambayi kuɗinsa da wando mai ɗame jiki, wanda kunya ta sa ya rufe da jallabiya har muka fita unguwa. Na biyu abokina ne na shekara da shekaru, mutumin wani ƙauye a fadamar Haɗeja, direba a asibitin da nake aikin jinya. Hawan jini ya sa likita ya ɗora shi a kan keke, ni kuma na bi shi don kada ya ce shi kaɗai aka tsana.

Muna cikin ɗaure kekuna wayata ta yi ƙara. Lambar yayan abokin nan na gani, kuma a can gida ko assalatu ba a kira ba. Na koma bayan mota na ɗauka.

"Malam, Allah ya yi wa Inna rasuwa ɗazu," in ji shi. "Ban kira shi ba, ka san jininsa. Kai ne kusa da shi. Ka bari ya zauna ya sa wani abu a ciki, sannan ka faɗa masa a hankali. Ƙarfe tara za a sallace ta. Muna so ya kira kafin a fita da ita, ya yi mata addu'a muna ji."

Haka muka taso muka tarar. Ba a jefa wa mutum rasuwar uwa ta waya yana tsaye a ƙasar wasu. Sai a nemi na kusa da shi, a zaunar da shi, a fara da cewa jiki ya motsa. Na lissafa, taran gida sha ɗaya ce a nan, ina da sa'a biyar a hannu. Da na ce a fasa tafiya, zai tambayi dalili a nan bakin titi, ni kuwa ban shirya faɗa masa ba. A cikin mota na yi masa ƙarya, na ce wayata ba caji, ya ara mini tasa in duba taswira. Na kashe ta don kada ya ci karo da ta'aziyya a dandalin 'yan garinsu, na sa tawa a shiru, na jefa su duka cikin jaka.

Gari na wayewa muka hau. Sanyin safiyar yana cizon yatsu, kwarin kuma shiru in ban da kurciyoyi. Hanyar ba ta da hawa mai wahala, gangara ce a hankali tsakanin duwatsu biyu masu launin ƙasa, wani wuri kwalta, wani wuri tsakuwa da aka daddale. Dama da hagu gonakin dabino ne a bayan dogayen katangu, kana jin ƙarar injin ban-ruwa ba ka ganin mai shi. Akwai magarya da itatuwan ƙaya irin namu, har ka manta inda kake sai ka ɗaga kai ka ga gadar mota ta ratsa sama. Ma'aikatan shara 'yan Bangaladash suna ɗaga mana hannu, su ma da nasu tsofaffin kekunan jingine a gindin bishiya.

Kusa da Dir'iyya muka ratse wurin wani Ba'afgane mai gasa tamis, wato faffaɗar gurasar nan da ake liƙawa a cikin tanderu. Muka haɗa da ful, wato dafaffen wake mai man zaitun, da shayin madara mai kauri da ake kira karak, abincin mutum uku bai kai riyal ashirin ba. Injiniya ya tsuguna zai zauna, wandon ya ƙi ba shi haɗin kai, abokina ya yi dariya har da ƙwalla. Ga shi ya zauna, ga shi ya ci, sharaɗin yayansa ya cika. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Miƙo mini shayin nan." Na ce wa raina wurin da hayaniya, kuma ba a faɗa wa mai hawan jini irin wannan magana sannan a mayar da shi kan keke. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji.

Daga nan muka yi ta kudu. Saman kwarin busasshe ne, sai da muka wuce tsakiyar gari ruwa ya bayyana, siriri da fari, a cikin magudana da aka jera wa duwatsu, yana ƙaruwa har ya zama ƙorama mai gudu da ciyayi a gefe. An kafa alluna ana hana wanka, don ruwan gari ne da aka tace. Duk da haka balbelu ba su damu ba, zalɓe ma yana tsaye da ƙafa ɗaya yana jiran rabonsa. Iyalan 'yan ƙasa sun fara shimfiɗa dardumai a inuwa, da butar gahawa da farantin dabino.

A nan abokina ya taka birki ya tsaya yana kallon ruwan.

"Mutumina, ka ga wannan? Sak magudanar bayan gidanmu," ya ce. "A irin wannan gefen nake goya Inna a keke in kai ta kasuwa. Tana riƙe da ƙwaryar shinkafa tana ce mini, kai ɗan nan, in ka zubar da ni ka zubar da aljannarka. Ba ni wayata in ɗauka mata hoto."

Na ce ya bari sai mun isa tafki, can ya fi kyau. Ya ce to. Ya ƙara da cewa bana ko da tsiya sai ya karɓi hutu, shekara uku kenan kafili, wato ubangidansa na aiki, yana ce masa bukra, wai sai gobe. Na sunkuya ina taɓa sarƙar kekena wadda ba abin da ya same ta. A rayuwata ban taɓa jin na tsani kaina kamar lokacin ba.

Goma da 'yan mintuna muka isa tafkin. Wuri ne mai faɗi, da dabinai a jere da benci na dutse, iska na kaɗa ruwan a hankali. Na ja injiniya gefe na faɗa masa, ya yi salati ya cire hular kwanonsa. Muka zaunar da abokina a inuwa, na ba shi ruwa, na tabbatar ya sha maganinsa na safe. Sannan na fara yadda aka koya mana.

"An kira daga gida. Jikin Inna ya ɗan motsa."

Ya dube ni. Shekara nawa yana ɗaukar marasa lafiya da 'yan uwansu a mota, ya san wannan muryar.

"Ta rasu?"

"Allah ya karɓi abarsa. Sai haƙuri."

Ya yi innalillahi sau uku, a hankali, bai faɗi ba, bai yi kuka ba. Ya miƙo hannu na ba shi wayarsa. Da na duba tawa, sai ga kiran yayansa a jere har ban iya ƙirgawa ba. Abokina ya kunna tasa ya kira yayan, ya sa a bayyane, muka ji hayaniyar maza da ƙarar shebur.

"Yanzu muka rufe ta," in ji yayan. "Masu haƙa sun gama da wuri, jama'a sun taru, liman ya ce kada a ajiye ta. Mun kira ka, mun kira Malam, har muka gaji. Ƙanwarka ta riƙe waya a gefen makara tana cewa a ƙara minti ɗaya."

A nan na gane kuskurena. Na daɗe a garin da ake sallar gawa bayan farilla, a masallaci sananne, a lokaci sananne, har na ɗauki ƙarfe tara kamar lokacin tashin jirgi. Na manta a gida ba agogo ke fitar da gawa ba. Da kabari ya kammala mutane suka hallara, shi ke nan.

Da ya ajiye waya ya tambaye ni, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun a Malaz."

"Ka bar ni ina dariyar wando, uwata tana kwance ana jirana," ya ce. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wani dattijo ɗan ƙasa da ke zaune kusa ya lura da mu. Da injiniya ya yi masa bayani, ya taso da kansa ya dafa kafaɗar abokina ya ce, "Azzamallahu ajrak," wato Allah ya girmama ladanka, sannan ya zuba masa gahawa ya tsaya a kansa har ya sha. Muka yi azahar a wani ƙaramin masallaci a bakin hanya, abokina ya daɗe a sujada. Babu wanda ya ƙara hawa keke. Injiniya ya kira ɗan Sudan ɗin ya zo ya kwashe mu, muka ratsa ta unguwar Dira zuwa unguwar Nasim inda abokina yake zaune.

Mai son bin wannan hanya ya bi, tana da daɗi, ba ta gajiyar da mai shekaru, ya dai tafi da sanyin safiya da ruwan sha isasshe. Ni abin da na taho da shi daban ne. Al'adarmu ta ce a tausasa wa mutum, ba ta ce a ɓoye masa ba. Na fake da ita ina cewa jininsa nake kiyayewa, alhali bakina nake kiyayewa daga furta magana mai nauyi, garin neman gira na rasa ido. Abin da na hana shi ba ya dawowa, kuma ina jin zafinsa har yanzu da nake rubutun nan.

Da muka isa ƙofar gidansa, 'yan uwa mazauna gari sun fara taruwa, an shimfiɗa tabarmi a falo. Na sauke masa kekensa na ce ya yafe mini. Ya riƙe hannuna bai saki ba.

"Na yafe, na san ba mugunta ba ce," ya ce. "Amma ka ji, in tawa ta zo a ƙasar nan, kai za a fara kira. Kada ka riƙe wa 'ya'yana ko na minti ɗaya."

Na ce to, na cire takalmi na bi shi ciki.